Inda Matasa Za Su Yada Zango a Kewayen Zariya

'Yan'uwa, kafin ikilisiya ta tura matasa zangon hutu, ya kamata dattawa su san wurin da yaran za su kwana.

Dutsen Kufena yana kusa da Wusasa, inda majami'ar St. Bartholomew take tun 1929. Wurin hawa ne da wasa da rana, amma akwai macizai da kunamu a kogunan dutsen. Tafkin Kubanni da ke Samaru yana cikin harabar Jami'ar Ahmadu Bello, sai da izinin jami'a ake zama wurin. Kada yara su yi iyo, domin ruwan da ba ya gudu yakan kawo tsargiya. Bakin Kogin Galma, gabas da Sabon Gari, fadama ce, takan cika da ruwa a watan Agusta.

Saboda matsalar satar mutane, a yi yawon da rana, a koma kwana a filin majami'a ko makaranta mai katanga a Samaru ko Sabon Gari. A sanar da mai unguwa da 'yan sanda. A tafi da gidan sauro, a tafasa ruwan sha, a ɗauki bargo in lokacin hunturu ne.