Jinya a Gida: Abin da Mai Kula da Mara Lafiya Ya Kamata Ya Sani

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na Wurno, Rabah da Goronyo, yawancin jinya a gida ake yin ta, kuma mata ne ke ɗaukar nauyin. Asibiti na ba da magani a sallami mutum, sauran aikin ya koma ɗaki.

Mu fara da wanda ba ya iya tashi. Idan aka bar shi kwance ta gefe ɗaya, jini ba ya isa fatar da ƙashi ya danne, sai wurin ya yi ja, daga baya ya zama gyambo mai wuyar warkewa. A riƙa juya shi bayan kowace awa 2, har da dare in da hali. A duba ƙugu, duwawu da dunduniya kullum. Tabarma ita kaɗai ta yi tauri, a shimfiɗa zane mai laushi, in ya jiƙe a canza nan take. Wajen ɗaga shi a kira mutum na biyu, a durƙusa da gwiwa, kada mai jinya ta ƙare da ciwon baya. In za a ba shi kunu a zaunar da shi tukuna, domin a kwance yana iya shaƙewa.

Mu da ke bakin gulbin Rima mun san abin da ruwa ke jawowa. Ambaliyar 2010 ta cinye garuruwa a ƙasan madatsar Goronyo, a 2021 kuma amai da gudawa ya shiga jihar Sakkwato. Mai gudawa rashin ruwa ne ke kashe shi. A zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa, wato kimanin leda biyu ta fiya wata. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti.

Mai jinya ta kare kanta. Jini, kashi ko amai ba a taɓa su da hannu tsirara. In babu safar hannu, leda marar huji ta isa, sannan a wanke hannu da sabulu. Amma kada a ware wa mai ƙanjamau kwano, cin abinci tare ba ya yaɗa ciwon, wariyar kuwa na karya masa zuciya. Mai tarin da ya wuce mako 2 a kai shi gwaji, a buɗe taga. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata 6 ake sha, ko ya ji sauƙi kada ya daina.

Zumuntar mata su tsara karɓa-karɓa, mai jinya ta samu ko yini ɗaya a mako ta yi barci.