Ƙurar Hunturu da Taskar Teku: Waiwaye Kan Zamanin Ƙanƙara

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ƙasar Gwarzo da Kabo a lokacin hunturu, zai tarar hazo ya lulluɓe gari, ƙura ta kwanta bisa ganyen dawa da rufin soraye. Manomi yakan ɗauke ta abin yau da kullum, alhali kuwa tana ɗauke da labarin wani zamani mai nisa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dangantakar wannan ƙura da teku, da kuma iskar nan da masana ke kira kabon-dayoksaid.

Zamanin Ƙanƙara a Ƙasar Hausa

Kimanin shekaru 21,000 da suka shige, ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da na Amurka, har ruwan teku ya ja baya da kusan mita 120. Ƙanƙarar ba ta iso nan ba, amma fari ya iso. Hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, Tafkin Chadi ya ƙafe, iska ta tara tuddan rairayi a arewacin ƙasar Hausa. A shekarar 1958 masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya yi rubutu kan waɗannan tsofaffin tuddai, waɗanda a yau ake noman gero da gyaɗa a kansu. Haka nan, wani kaso na ƙasar noman da ke yammacin Kano, iska ce ta yi jigilarsa ta shimfiɗa bisa duwatsu.

Inda Iskar Ta Shige

Masana sun haƙo tsohuwar ƙanƙara a Antatika, suka auna iskar da ta maƙale a cikinta. Sun gano cewa a zamanin ƙanƙara kabon-dayoksaid yakan sauka zuwa kashi 180 cikin miliyan, sa'an nan ya hau zuwa 280 idan duniya ta ɗumama. To, ina ragowar ta shige? Amsar ita ce teku, domin kabon da ke cikinta ya ninka na sararin sama kusan sau 50.

Hanyoyin kuwa uku ne. Ta farko, ruwan sanyi ya fi na ɗumi riƙe iska, kamar yadda lemon kwalba mai sanyi ya fi mai ɗumi riƙe kumfarsa. Ta biyu, ƙanƙara ta yi wa tekun da ke kewaye da Antatika murfi, ruwan ƙasa mai nauyi ya daina tasowa yadda ya saba, sai iskar ta zauna can ƙurya, kamar hatsi a rumbun da aka liƙe. Ta uku, ƙura tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda yake tamkar taki ne ga ƙananan tsirran teku da ido ba ya gani. Idan suka yawaita sai su zuƙe iskar, in sun mutu su nutse da ita. John Martin ne ya fito da wannan ra'ayi a 1990. Ƙurar da ta yi wannan aiki a tekun kudu mafi yawanta daga Patagoniya ta fito, amma tamu ta Sahara, musamman ta kwarin Bodele da ke Chadi, har yau tana zuba irin wannan taki a Tekun Atilantika.

Kammalawa

A shekarar 2023 awon wannan iska ya kai kusan 420 cikin miliyan, saboda ƙona man fetur da gawayin ƙasa. Teku tana shanye kimanin rubu'in abin da ɗan Adam ke fitarwa, amma ƙarfinta na raguwa muddin ruwanta na ɗumama. Dattawan Gwarzo da Kabo da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da rikicewar damina ke jawowa. Ashe ke nan, teku ta yi nisa da gonakinsu, amma abincinsu na rataye da lafiyarta.