Legas zuwa Dakar ta bakin teku: zancen tasha da gaskiyar hanya

Duk wanda ya furta cewa zai tuƙa motarsa daga Legas ya bi gaɓar teku har Dakar, kafin ya rufe baki zai samu masu ba shi labari. Wani ya ce hanya ce santal, wani ya ce sai an ɗora mota a jirgin fito sau goma, wani kuma ya rantse cewa mai fasfon ECOWAS ko birki ba ya takawa a kan iyaka. Yawancinsu ba ƙarya suka shirga ba. Labarin ne ya tsufa a bakinsu, ko kuma wani yanki na hanyar suka gani suka ɗauka duk haka take, alhali tafiya ce ta sama da kilomita 4,000.

A fara da fito, tunda shi ne ke tsorata mutane. Cewa ba a isa Dakar sai an hau jirgin ruwa, a da gaskiya ne, yanzu ba haka ba. A lokacin kogin Gambiya shi ne babban ƙarfen ƙafa: manyan motoci kan yi kwanaki a layi kusa da Farafenni suna jiran jirgin fito. A ranar 21 ga Janairun 2019 shugabannin Gambiya da Senegal na lokacin, Adama Barrow da Macky Sall, suka buɗe gadar Senegambiya a wurin, mai tsawon kusan kilomita biyu, jiran ya koma biyan kuɗin gada a wuce. A Gini Bisau ma an yi gada a kan kogin Mansoa da kogin Cacheu, inda a da fito ne. Tsohon direban da ya ba ka labarin kwana uku a bakin kogi bai yi maka ƙarya ba, sai dai ka tambaye shi wace shekara ya bi.

Masu cewa dole a hau jirgi kafin a shiga Firitawun ta Saliyo kuwa sun haɗa tafiya biyu ne wuri guda. Filin jirgin saman Lungi yana ƙetaren ruwa, don haka wanda ya sauka ta sama ne ke neman jirgin Tagrin. Mai mota da ya fito daga Laberiya ko daga Gini zai shiga birnin ta Masiaka, tayarsa ba ta taɓa ruwa ba.

Babban fiton da ya rage a kan hanyar bakin teku shi ne na Banjul zuwa Barra, kuma shi ma zaɓi ne, don ana iya zagayawa ta gada. Haye ruwan ba ya kai awa guda idan jirgi lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana bakin ƙofa. Mai tafiya a ƙasa ya yanki tikiti ya kutsa, mai mota kuwa yana layi, idan jirgi ɗaya ya lalace sai wuni ya tafi yana kallon ruwa. In an zo lodi, ana jera motoci ƙofa da ƙofa har direba ya kasa fita, sannan a cike sauran gurbin da masu baro, da buhunan shinkafa, da awaki, da mata masu tallar gyaɗa. Wanda ya isa da yamma yana tsammanin kama jirgin ƙarshe, ya shirya kwana a cikin mota.

Akwai kuma waɗanda da an ce jirgin ruwa a Senegal sai su ce kabari ne. Tsoron yana da tushe. A daren 26 ga Satumbar 2002 jirgin Joola, da ya taso daga Ziguinchor zuwa Dakar, ya kife a tekun Gambiya. Ƙididdigar hukuma ta ce mutum 1,863 suka rasu, 64 kacal suka tsira, a jirgin da aka ƙera don ɗaukar mutum ɗari biyar da wani abu. Lodin ganganci da sakaci suka jawo haka. Jirgin Aline Sitoé Diatta da ke bin layin tun 2008 ana shigarsa ne da tikiti mai suna da takardar shaida, in ya cika ya cika. Ni abin da na fi jin tsoro shi ne kwale-kwalen da ake cewa ka hau don jirgi ya makara, babu rigar ruwa, babu mai ƙirga kai.

Maganar takardu ce ta fi cutar da mutane, domin rabinta gaskiya ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar ƙungiyar damar shiga kowace ƙasarta ba biza har kwana 90. To amma kai aka yafe wa biza, ba motarka ba. A kowace iyaka, daga Seme zuwa Hilakonji, Aflao, Elubo, har Karang, kwastan za su nemi takardun mallakar mota, su ba ka izinin shigar da ita na wucin gadi, wanda direbobi ke kira lesefase. Jami'in kan sa a buɗe gaban mota, ya sunkuya ya goge ƙura da yatsa yana gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke rubuce, harafi ɗaya ya saɓa ka shiga uku. Takardar tana da wa'adi, wani lokaci gajere ƙwarai, in ya ƙare kana cikin ƙasar tara ce. Idan motar ba da sunanka take ba, ka riƙe takardar izinin mai ita. Sai inshorar ECOWAS ta Brown Card, wadda aka kafa a 1982. Masu cewa tana biyan komai sun yi kuskure: ɓarnar da ka yi wa wani take ɗauka, gyaran motarka naka ne.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara dole ne, wannan ba jita-jita ba ce. Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa yana mutuwa bayan shekara goma. Tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da allura ɗaya ta zama ta har abada. Wanda ya ce katinka ya tsufa, na goro yake nema. Kuma a faɗi gaskiya, za a nema, a shingaye da dama. Takardu cikakku ba sa hana a tambaya, amma suna ba ka bakin cewa a ba ka rasit.

'Yan Nijar kan tambaya ko ficewar ƙasarsu da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ta rufe musu hanya. A ranar ƙungiyar ta sanar cewa a ci gaba da karɓar fasfonsu ba biza har sai ta sake magana. Irin wannan sanarwa kan canja, a bincika kafin a ɗaura kaya. Iyaka ma kan rufe ba sallama: Najeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, Gini ta rufe nata da Senegal da Gini Bisau da Saliyo a Satumbar 2020 gab da zaɓe.

Ita hanyar kanta, daga Legas zuwa Abijan, kimanin kilomita dubu, kwalta ce, cunkoso da iyakoki ne ke cin lokaci. Daga nan labari ya sha bamban. Wanda ya dage sai ya bi bakin teku daga Tabou zuwa Harper zai tarar da kogin Cavally da hanyoyin kudu maso gabashin Laberiya masu haɗiye mota da damina, shi ya sa akasari ake hawa arewa ta Danané a faɗo Ganta. Tsakanin Boké da Gini Bisau ma haka ne, da yawa kan zagaya ta Koundara su shiga Gabú. A Konakiri ruwan Yuli kaɗai kan haura milimita dubu, ya fi abin da Kano ke samu a shekara ta yau da kullum. Daga Disamba zuwa Maris ake wannan tafiya.

Sefa ba ta kai ka ko'ina. Tana aiki a Benin, Togo, Kwaddebuwa, Gini Bisau da Senegal, amma Gana sidi ce, Laberiya dala, Saliyo liyon, Gini faranta na daban, Gambiya dalasi, kuma sefar Kamaru da Chadi ba ita ce ta wannan ɓangare ba. Hausa ma haka: a zangon Kwatano da na Lome da Nima ta Akara za ka ci tuwo ka samu makaniki da harshenka, bayan Abijan sai ta yi ƙaranci, Jula da Fulatanci da Kiriyo da Wolof su karɓi kasuwa.

Wanda zai zarce Muritaniya ya sani ta bar ECOWAS tun 2000, don haka ya tambayi ofishin jakadancinta batun shiga, ya kuma sayi inshorarta daban. A Rosso jirgin fito ne ke haye kogin Senegal, an aza harsashin gada a 2021, kuma wurin ya yi suna da 'yan kamasho masu karɓe takardun baƙo kafin ya san waye jami'i. Masu ƙananan motoci da yawa kan bi ta madatsar ruwan Diama, in ba damina ba.