Mabuɗin da Ba Maƙeri Ya Ƙera Ba

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ja hankalinku ga wani mabuɗi mai muhimmanci ƙwarai. Wasu yayyenmu na Birchi da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suna da kwamfutar tafi-da-gidanka. A cikin Windows akwai wani tsari wai shi BitLocker, wanda ke hargitsa duk abin da aka ajiye a faifan na'urar, har ko ɓarawo ya cire faifan ba zai karanta ko harafi ɗaya ba.

To, ina mabuɗin yake? Wani ɗan ƙanƙanen sashe na na'urar, watau TPM, shi ke tsare da shi, yana buɗe faifan duk lokacin da aka kunna. Amma idan mai gyara ya canja babban allon cikinta, sai ta ƙi buɗewa, ta nemi lambobin ceto guda 48. In babu su, aikin shekara huɗu ya salwanta, domin kamfanin Microsoft kansa ba ya iya ƙirƙiro su. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kuskuren kamfanin CrowdStrike ya tsayar da kwamfuta wajen miliyan 8.5 a duniya, kuma da yawa ba su gyaru ba sai da aka nemo lambobin nan.

Shawarata ita ce, ka duba ko lambobinka suna cikin asusunka na Microsoft. Sa'an nan ka rubuta su a takarda, ka kulle a akwati a gida. Kada ka sa takardar cikin jakar kwamfutar, don wannan tamkar barin mabuɗi ne a jikin kwaɗo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa mu dace, amin.