Kansa da haihuwar namiji: a yi tambaya tun kafin a fara magani

A garuruwanmu in aure ya daɗe ba haihuwa, mace ake fara tuhuma. To amma akwai inda matsalar take wajen maigida, musamman wanda ya yi jinyar ciwon daji, wato kansa.

A cikin maraina ake yin ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyi, kuma kowace ƙwaya takan ɗauki kusan kwana 74 kafin ta nuna. Kansar maraina, wadda ta fi kama maza ƴan shekara 15 zuwa 40, tana rage yawansu tun ba a fara magani ba. Zazzaɓi mai daɗewa da ramar da wasu kansoshi ke kawowa su ma suna raunana su.

Sai dai ɓarna mafi girma daga magani take zuwa. Shimiyo, wannan ƙarin ruwa mai zubar da gashi, yana kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa ne, kuma bai san na cuta da na maraina ba. Haka ma gashin na'ura, irin wanda cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai ta fara a 2021, in ya faɗa kusa da mara. Wani haihuwarsa takan dawo bayan shekara 1 ko 2, wani sai ta kai 5, wani kuma shi ke nan. Ya danganta da irin maganin da yawansa.

Ga inda ake ruɗewa: mutum na kusantar iyalinsa lafiya lau, maniyyi na fita kamar kullum, amma ba iri a ciki. Ido ba ya ganewa, sai awon maniyyi a asibiti. Maganin ƙarfin maza na kasuwa ba abin da yake gyarawa a nan, asarar kuɗi ce kawai.

Wanda aka cire wa ɗan maraina guda kada ya karaya, ɗayan in yana da lafiya yakan isa.

Ƴan'uwanmu da ke Faransa, akwai cibiyoyin CECOS da ke daskarar da maniyyi a ajiye shi shekaru, amma kafin shimiyon farko ake bayarwa. A nan gida kuwa, a cire kunya a tambayi likita ranar farko: wannan magani zai taɓa haihuwata? Kuma kada uwargida ta ɗauki ciki ana cikin shimiyo. Likitoci kan ce a jira aƙalla wata 6 bayan an gama, wasu har shekara 2.