Dick Tiger: Daga tallar kwalabe zuwa zakaran duniya

Mu da muke wuni a kasuwa ya kamata mu san Dick Tiger, domin namu ne. An haife shi a Amaigbo a 1929, kuma da cinikin kwalabe ya fara neman abinci a Aba.

A 1962 ya doke Gene Fullmer a Amurka, ya zama zakaran damben duniya. A 1963 ya sake lallasa shi a Ibadan.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke. Ya goyi bayan Biyafara, dukiyarsa ta salwanta, har ya koma gadi a gidan tarihi a New York. Ciwon dajin hanta ya yi ajalinsa a 1971, yana da shekara 42.

Jarinmu na farko dai zaman lafiya ne.