Mai gadin da ke cikin wayarku: na gaske ne ko ɓarawo?

'Yan uwa mazauna Tsinga da Briqueterie, sau da yawa iyaye mata da magidanta kan kawo mana waya suna cewa: “Ga wani abu yana aiki a ciki, ban buɗe shi ba, yana cin caji da data.” Wasu kuma saƙo ne ya fito musu da jan rubutu, wai wayar ta kamu da cuta. Wayar nan ita ce ke karɓar kuɗin tallafi ta MTN MoMo ko Orange Money, a cikinta hotunan takardunku suke, da ita kuke jin muryar dangin da kuka baro a gida. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani.

Manhajar tsaro kamar mai gadin dare take. Ba ta jira a kira ta, kullum tana aiki a ɓoye, tana duba duk sabuwar manhajar da ta shigo. Don haka ganin tana aiki ba tare da kun taɓa ta ba, ba laifi ba ne. Galibin wayoyin Android, irin su Tecno, Itel da Samsung, suna da Play Protect, wanda Google ya fito da shi a 2017. Kyauta ne, kuma ya ishi yawancin mutane.

Matsalar ita ce ɓarawo ma yakan sa rigar mai gadi. A watan Agusta 2020, kamfanin Upstream ya bayyana cewa an sami muguwar manhaja mai suna Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashen Afirka, har da Kamaru. A ɓoye take ƙoƙarin yi wa mai waya rajistar ayyukan da ake cirar kuɗi. Kamfanin da ya ƙera wayar ya ce ya fitar da gyara. Darasin shi ne a riƙa dubawa.

Ga abubuwa uku da za ku duba. Mun kawo sunayen da Faransanci, domin haka suke a yawancin wayoyin Yawunde.

Na ɗaya, daga ina ta zo? Ku shiga Paramètres, sannan Applications, ku taɓa sunan manhajar. A wayoyi da yawa, can ƙasa za a nuna ko daga Play Store aka sauke ta. Wadda aka turo muku ta WhatsApp ko Xender, ko wadda mai gyaran waya ya sa ba da saninku ba, ita ce abin tuhuma.

Na biyu, me take nema? A shafin nan, ku buɗe Autorisations. In manhajar da ba ku sani ba tana karanta SMS, to tana iya ganin saƙonnin kuɗinku. Ku duba Accessibilité ma, domin duk manhajar da aka ba wannan izini tana iya ganin abin da ke kan fuskar wayar, har ta latsa a madadinku. Ku kashe wa duk wadda ba ku gane ba.

Na uku, me Play Protect ya ce? Ku buɗe Play Store, ku taɓa hoton da ke sama ta dama, ku zaɓi Play Protect, ku latsa Analyser. In ya nuna wata manhaja mai cutarwa, ku cire ta.

Mai gadi na gaske ba ya tsoratar da mai gida. Shafin intanet da ya yi tsalle ya ce wayarku na da cuta goma, ku latsa nan da sauri, talla ce ta yaudara: shafin ba shi da ikon binciken wayarku. Ku rufe shi kawai. Kuma babu manhajar tsaro, babu ma'aikacin kamfanin waya, babu ma'aikacinmu da zai nemi lambar sirrin asusunku. Duk wanda ya nema, ɓarawo ne.

Kada kuma tsoro ya sa ku goge duk abin da ba ku gane ba. Wasu ayyukan, kamar Services Google Play, na wayar ne kanta, in aka tsayar da su sai ta rikice. In kun sayi waya ta hannu a Avenue Kennedy ko wata kasuwa, ku sa a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kafin ku sa layinku.

In kun ga kuɗi ya ragu ba dalili, ku canza lambar sirri nan take, ku je ofishin kamfanin layinku da takardar shaidarku. Hukumar ANTIC ma tana karɓar ƙorafin damfara ta intanet, kuma dokar Kamaru ta 21 ga Disamba 2010 ta tanadi hukunci a kai. Wanda karatu ya yi wa wuya, ya kawo wayar wurin ma'aikatanmu mu duba tare, tana hannunsa, ba tare da ya faɗa mana lambarsa ba.